Guguwa a Cikin Duro

Sama'ila kafinta ne, kuma ba zan zalunce shi ba, in ya yi maka ƙofa takan rufu. Ciwonsa ɗaya ne, bakinsa ya fi zartonsa kaifi. Tun ranar da ya ɗaura wa kekensa fitilar babur ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Mutanen unguwarsu a Gusau kuwa suka amsa, don ba sa ƙin abin dariya na kyauta.

Rumfarsa tana bakin titi, jingine da katangar Inna Luba, kuma ita ce mai wurin. Wuri ne mai albarka, duk mai neman gado ko kujera ta nan yake bi, kafintoci da yawa sun daɗe da sa masa ido. Ita Inna Luba taliya take murzawa, irin ta hannu, ta shanya a igiya a tsakar gida, mata su zo su saya. Lafiya lau suke zaune har Sama'ila ya sayo injin yanka katako da na gogewa. Daga ranar garin katako ya koyi tsallake katanga.

Wata safiya ta fito da silin taliya ɗaya a hannu, ta miƙa masa.

"Tauna."

"Inna, na karya kumallo."

"Ban tambaye ka ba. Tauna."

Ya tauna. Abin ya yi masa ƙaras-ƙaras a haƙora.

"Mi ka ji?"

"Kamar dai fulawar ce ba a tankaɗe sosai ba."

"Jiya wata ta maido mani taliya, ta ce mijinta ya tambaye ta ko kujera ta dafa. Saurara da kyau, Sama'ila. In sabon wata ya tsaya ƙurarka tana shigo mani gida, ka kwashe tarkacenka. Na riga na gaya wa Mai unguwa Garba."

"Haba Inna, ƙura ce za ta raba ni da ke? Ki zuba ido. Zan kama ta da hannuna in ɗaure."

"Ka fara da ɗaure bakinka."

Da wani ne ya ji haka, sai ya jiƙa buhuna ya rataya a katanga, ya riƙa shara safe da yamma. Sama'ila waya ya ɗauko. Kafin azahar ya tsallaka titi wurin abokinsa Bulus mai walda, yana tura masa wayar har kan hanci.

"Oga Bulus, duba nan. Turawa sun sa guguwa a cikin duro."

Bulus ya ɗage baƙin gilashinsa. "Ta yi musu laifin me?"

"Tsaya ka ji ilimi. Fanka ce take zuƙo iska da garin katako ta cikin tiyo. Iskar ta shigo wannan babban mazurarin ta gefe, ta yi ta juyi, ta yi ta juyi. Garin ya ji jiri ya faɗa duron da ke ƙasa. Ita kuma iska ta fice ta sama tas, kamar an yi mata wanka."

"Gari yana jin jiri?"

"Komai yana jin jiri in ka juya shi sosai."

"Ka kalli hoton har ƙarshe?"

"Data ta ƙare mini a tsakiya. Amma mai hankali ba sai an gama masa magana ba."

"To ni dai walda na sani. Inda ka ce in ɗiga, nan zan ɗiga."

Ranar kasuwar Tsafe ya tafi neman mazurari. Na mai manja ya yi ƙanƙanta, na mai fetur ya yi ƙanƙanta. Yana cikin yawo sai ya ga wani mai tallan maganin basir ya jingine tsohuwar lasifika, irin mai faɗin bakin nan, wadda ta gaji da ihu ta mutu. Sama'ila ya kifa ta, ya ja da baya, ya gyaɗa kai. Ya saye ta, ya haɗa da shuɗin duron roba. A tashar Gusau ya hau babur ɗin kabu-kabu, duro a gicciye tsakaninsa da direba, yayyafi kuma ya sauko. Da ba shi da hannun riƙe lasifika sai ya kifa ta a kansa. Haka ya shigo unguwa, ba a ganin komai nasa sai gemu, yana amsa gaisuwa muryarsa tana amsa-kuwwa.

Inna Luba tana ƙofar gida. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Yau dai an samu hular da ta yi daidai da kanka."

Fanka kuwa sai da ya dangana da Bungudu, ya wuce Karakkai, inda aka ce wani Alhaji Bala yana da mataccen injin ɓarar gyaɗa. Alhajin ya nuna masa fankar, ƙatuwa, cikin gidanta na ƙarfe mai kama da dodon koɗi.

"Wagga hurawa ta iya, Malam. Ɓawon gyaɗa take kora."

"Alhaji, wanda ya iya hurawa ya iya zuƙa. Ai hanci ɗaya ne."

Wannan maganar tasa gaskiya ce, kuma ita kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa a makon. Fankar baki biyu gare ta, ɗaya na zuƙa ɗaya na hurawa. Abin da bai tambaya ba shi ne wane ne wane.

Aka haɗa kaya. Lasifika a kife bisa duro, tiyo a gefe, fanka da bel da janareta. Sama'ila ya share garin rumfar kaf ya tara tsibi guda, ya kafa bakin tiyo a gindinsa.

"Oga Bulus, sunkuyo ka ga yadda za ta lashe shi. Matso sosai, abin da sauri yake."

Bulus ya sunkuya. Sama'ila ya ja janareta.

Tsibin ya tashi gaba ɗaya. Rabi ya sauka a kan Bulus, rabi ya tsallake katanga kamar an aike shi. Da ƙura ta lafa Bulus ya miƙe fari fat, har girar ido, kamar an tono shi daga buhun garin rogo. Ya tofar, ya sake tofarwa.

"Na gani. Da sauri yake."

Muryar Inna Luba ta taso daga bayan katanga. "Wanga shi ne maganin, ko cutar ce ta ƙaru?"

"Gwaji ne, Inna. Yanzu mun san inda ba za a haɗa ba."

"Ni ma na san inda ba za ka kwana ba in wata ya tsaya."

Aka juya tiyo zuwa ɗaya bakin. Wannan karon Bulus daga tsallaken titi ya tsaya. Abin kuwa ya zuƙa, zuƙa ta gaske. Gari yana bin tiyo yana ɓacewa, lasifika tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Daɗi ya kama Sama'ila, ya ɗaga tiyon sama yana nuna wa masu wucewa. Tiyon ya ga hularsa, sabuwa, mai aikin hannu, ya ɗauke. Hula ta shige ta toshe wuyan tiyo. Fanka ba ta san an toshe ba, ta ci gaba da zuƙa, da ba ta samu iska a waje ba sai ta nema a cikin duro. Duron roba ya yi ƙara ɗaya, ya lotse, ya shige cikin kansa kamar cikin mai azumi da la'asar. Lasifika ta karkace ta faɗo masa a ƙafa.

Bulus ya tsallako a hankali, ya zagaya duron.

"Injiniya, wannan kuma jirin ne ya kama shi?"

"Duron ne rago. Wannan ya nuna maka ƙarfin injina. A duk Gusau wa ya taɓa murƙushe duro da iska?"

"Hular fa?"

"Dama ta matse ni."

Aka samo duron ƙarfe. Wannan bai lotse ba, amma murfinsa bai zauna daidai ba, iska tana satar hanya ta gefe tana tayar da garin da ya kwanta, sai ƙura ta riƙa fita ta sama kamar hayaƙin ɗanyen icce. Sama'ila ya kunna ashana ya bi gefen murfin, ya ga harshen wuta yana lanƙwasawa ciki, ya gane wurin. Nan kam na yaba masa. Sai kuma ya je ya dama ƙullun rogo mai kauri, ya yayyaga takardar buhun siminti, ya liƙe murfin zagaye kamar mai ɗaurin karaya. Ya ce a bar shi ya sha iska, ya tafi masallaci.

Da ya dawo ya tarar da awakin Inna Luba sun kewaye duron. Sun lashe ƙullun tas, sun cinye takardar, babbar cikinsu ta ɗora ƙafafu a kan murfi tana leƙen cikin lasifika ko da saura.

"Inna, awakinki sun cinye mini injin."

"Ka yi injin da koko, wa kake so ya ci? Liman?"

Ran Sama'ila ya ɓaci. Wata yana ta raguwa, wasu kafintoci biyu kuma sun fara zuwa gaida Inna Luba da goro, suna auna faɗin rumfa da ido. Ya tsallaka titi ya jawo Bulus da kayan aikinsa.

"Ka bi murfin nan da walda. Zagaye. Kada ka bar inda tururuwa za ta sa kai."

"Duka?"

"Duka. In ga akuyar da za ta ci ƙarfe."

Bulus ya sauke gilashi ya yi aikinsa, kuma ya yi shi da kyau, ɗinki kamar na tela. Sama'ila ya narka kwalta ya bi gindin lasifika ya shafe. Aka ja janareta.

Abin ya yi aiki.

Na san ba haka kuka so ji ba, amma gaskiya ce. Ya yanka katako, ya goge, tiyo yana haɗiye gari tun bai taɓa ƙasa ba. Iskar da take fita ta ɗaya bakin fankar kuwa, ko ɗigon gari babu a cikinta. Ya sa hannu, ya sa fuska, ya buɗe baki ya sha. Wawa in ya faɗi yana da sauƙi, ka ɗaga shi ka kakkaɓe. Ranar da ya ci nasara ita ce ranar da unguwa take shiga uku.

Ya sa aka rubuta masa a jikin duron da jan fenti: GUGUWAR INJINIYA. Ya daina amsa sallamar da ba a haɗa da Injiniya ba. Ya ce daga Tsafe har Bungudu babu kafintan da zai ƙara tari, kuma yana tunanin ko ya yi wa masu niƙa tasu, da masu shara, da matan da ke tankaɗe.

Sai marka ta sauka. Rana ta ɓuya, sama ta yi ta tsiyaya ba dare ba rana. Taliyar Inna Luba ta koma rumfar tsakar gida, ta ƙi bushewa, ta fara tsami a kan igiya. Sama'ila ya ji tana faɗa da hadari, ya leƙo ta kan katanga.

"Inna, iska kike nema? Ga ta nan ina zubarwa a banza."

"Iskar da ta biyo ta cikin garinka?"

"Wankakkiya ce. Ta fi wadda kike shaƙa tsabta. In sa miki bututu ta kan katanga, kafin la'asar taliyarki ta bushe ƙarau."

Inna Luba ba yarinya ba ce. Ta shiga ɗaki ta ɗauko farin ƙyalle, ta jiƙa, ta zagayo da kanta ta kara a bakin fankar. Ta daɗe a tsaye. Ta ɗaga ƙyallen ta duba, ta juya bayansa, ta shinshina. Fari tas.

"Awo," ta ce. "Sa bututun. Amma wata bai tsaya ba tukuna."

Aka ɗora bututu a kan katanga, bakinsa yana kallon igiyoyi. Taliya ta riƙa rawa tana bushewa, ana ruwa a waje. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo. Sauran masu taliya duk marka ta tsayar da su, ita kaɗai take da kaya, ciniki ya dawo mata har ya fi da. Ran nan har ta aika wa Sama'ila kwanon taliya da mai da yaji. Ya ci a bakin titi, yana ɗaga cokali sama don kowa ya gani.

A kwanakin ne aka kawo masa aikin ƙofofi na katakon maɗaci. Wanda bai san maɗaci ba, garinsa ja ne kamar jar kanwa, ɗacinsa kuma sunansa ya faɗa. Ya yi ta yanka yana gogewa tun safe har magariba, Guguwa tana haɗiya.

Ranar da ake sa ran ganin wata ya ce ba zai karɓi rumfarsa a ɓoye ba. Ya gayyato Mai unguwa Garba. Ya gayyato kafintocin nan biyu masu goro, musamman. Ya jera benci, ya sa farin kaftani. A cikin gida kuwa tun asuba Inna Luba da mata suke murza wani babban aiki da aka ba ta, igiya bayan igiya, ɗanyar taliya ta cika rumfa har ba wurin wucewa.

Aka ja janareta. Sama'ila ya ɗora katakon maɗaci, ya goge, ya shafa ƙasa da tafin hannu ya nuna wa jama'a.

"Ranka ya daɗe, ka ga ƙura?"

"Ban gani ba."

"Ba za ka ƙara gani ba. Jikokinka sai dai a ba su labarinta."

Mai unguwa dattijo ne mai son ya fahimci abu kafin ya sa albarka. Ya taso da sandarsa ya zagaya injin.

"Injiniya, garin da take haɗiya, ina yake zuwa?"

"Cikin duro, ranka ya daɗe."

"Madalla. To in duron ya cika, ta ina ake kwashewa?"

Sama'ila ya juya. Ya dubi duron. Ya zagaya shi ta dama, ya dawo ta hagu. Waldar Bulus tana nan zagaye, tana sheƙi, babu inda tururuwa za ta sa kai.

"Ba ya cika."

"Ba ya cika?"

"Ƙura ce, ranka ya daɗe. Tana danne 'yar uwarta."

Don ya tabbatar musu, ya ƙwanƙwasa gefen duron da guduma. Duron da ba komai a ciki kuka yake yi. Wannan bai ce komai ba, sai wani dum, irin na rumbun da aka cika bayan kaka. Ya ƙwanƙwasa can sama kusa da murfi. Dum.

Lasifika ta yi tari.

Gurnaninta ya sauya, ya koma kamar na wanda ya ƙoshi ake masa ɗura. Duro ya cika, gari ya hau har wuyan mazurari, wanda ke shigowa bai da wurin faɗawa, wanda ke kwance kuma gudumar ta tashe shi. Bututun kan katanga ya yi rawa. A wajen titi ba a ga komai ba tukuna. Sai can wani jan gajimare ya taso daga tsakar gidan Inna Luba, ya yi sama a hankali.

Ɗaya daga cikin kafintocin ya nuna da leɓe. "Injiniya, wancan fa?"

"Hadari ne."

"Daga cikin gida?"

Awaki suka fara fitowa, jajaye, suna atishawa. Sannan aka ji salatin mata. Maimakon ya kashe janareta, Sama'ila ya yi tsalle ya fizgo bututun daga kan katanga ya rungume. Bututu mai iska ba ya son runguma. Ya kuɓuce, ya waiwayo, ya bi benci daga wannan kai zuwa wancan. Mai unguwa ne a tsakiya, kuma shi ya fi kowa faɗin riga.

Bulus ne ya kashe janaretan, bayan ya gama dariya, kuma bai yi sauri ba. Yana zaune a ƙasa yana riƙe da ciki yana share hawaye, sai Inna Luba ta fito, ja tun daga ɗankwali har silifa. A bayanta wata mata ta fito, ita ma ja, da ɗanyar taliya a rataye a kafaɗa. Bulus ya dube ta. Ya bar dariya. Matarsa ce, Rifkatu.

"Maman Caleb, me kike yi a nan?"

"Taliyar baƙin bikin ɗanka na zo taya shanya. Wadda za a ciyar da danginka da ita jibi." Ta ɗago silin ɗaya, ja wur. "An ce wani gwani ne ya rufe duron da walda. Baban Caleb, ka san shi?"

"Ni inda aka ce in ɗiga..."

"Za ka ɗiga."

Aka koma zauren Inna Luba, jama'a suka cika ƙofa. Mai unguwa ya zauna yana kakkaɓe kunne. Aka shigo da taliyar a faifai, tsibi-tsibi, gari ya manne mata kamar an tsoma a yajin tsire. Sama'ila ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, abin a fata ya tsaya. Da ta ji ruwan zafi zai fita."

Inna Luba ba ta yi musu ba. Dama akwai tukunya a wuta. Ta ɗebi dunƙule ta jefa, ta tsame, ta zuba mai, ta kawo kwano ɗaya da cokali biyu. Rifkatu ta karɓi cokali ɗaya ta danƙa wa mijinta.

Bulus ya kai loma ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, ya dubi ƙofa, ya dubi matarsa, ya haɗiye. Sama'ila ya tauna tasa a hankali. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Kunnensa ya motsa.

"Mi ka ji?" in ji Inna Luba.

"Maɗaci ai magani ne, Inna. Mutane har saye suke yi don ciwon ciki."

"To Allah ya ba ka lafiya. Ƙara."

Mai unguwa ya buga sanda a ƙasa, gari ya zubo daga hannun rigarsa. "Hajiya, magana taki ce. Kin ce in wata ya tsaya ƙura tana shiga gidanki ya tashi. Wata yau ake dubansa. Ƙura kuwa ba sai an kira shaida ba, ga ta a cikin hancina."

Kafintocin nan biyu suka matso gaba kaɗan. Sama'ila ya ajiye cokali. Karo na farko tun da unguwa ta san shi, muryarsa ta fito ƙarama.

"Inna, in na tashi daga nan ba ni da wani wuri."

Inna Luba ta kalle shi. Ta kalli masu goro, waɗanda ko ƙusa ba su taɓa buga mata ba. Ta kalli tsibin jar taliya.

"Taliyar biki, kai da abokinka za ku murza wata, yau, da hannunku, Rifkatu tana tsaye a kanku. Duro a yanka mai ƙofa, a riƙa kwashewa kullum kamar yadda kowane mai hankali yake kwashe shara. Wagga kuma," ta nuna jar, "ba a zubar da abinci a gidana. Za a busar da ita a sa a buhu. Kullum da rana in dafa maka kwano ɗaya, ka ci a gabana. Muddin akwai saura a buhu, rumfa taka ce. Ranar da ta ƙare, ka kwashe."

Sama'ila ya dubi tsibin, ya dubi kwanon da ke gabansa, ana ganin lissafi yana tafiya a goshinsa.

"Inna, ina da roƙo ɗaya."

"Faɗi."

"A rage girman kwanon. Likita ya hana ni cika ciki."

Haka aka yi. Aka ci bikin Caleb da farar taliya, Bulus kuwa ya yi mako ba ya iya ɗaga hannun dama. Guguwa ta samu ƙofa a gindi, masu kiwon kaji suna zuwa kwasar gari. Kullum bayan azahar za ka ga Sama'ila a ƙofar zaure da ɗan kwanonsa, yana ci yana lumshe ido, yana gaya wa masu wucewa cewa abincin masu aikin ƙwaƙwalwa ne, ba kowa ake ba ba.

Damina ta wuce, aka yi kaka, wata daminar ta zo. Buhun jar taliya yana nan a zaure, bai sauka ko taƙi ɗaya ba. An ce an ga Injiniya a bayan rumfa yana yayyafa wa farar taliya ruwa yana barbaɗa mata garin maɗaci, in ta bushe ya faki ido ya ƙara a buhu. Wata maƙwabciya ta kai wa Inna Luba tsegumin, tana jiran ta ga tashin hankali.

Inna Luba ko ɗagowa ba ta yi daga kan injin murzarta ba.

"Farar da yake rinawa, a wurin wa kike tsammani yake aikowa a saya?"